Daga Binciken Aure zuwa Gwajin Jini: Tarihin Gwajin Ƙanjamau a Yammacin Zamfara

Tun kafin asibiti ya iso ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum na yammacin Zamfara, al'umma tana da hanyarta ta tantance lafiyar wanda za a haɗa zuri'a da shi, domin a al'adar neman aure akwai matakin da ake kira bincike, inda magabata kan tura dattawa su bi diddigin asali da hali da sana'a, su kuma tambaya ko akwai kuturta, farfaɗiya ko taɓin hankali a gidan. Wannan bincike ya dogara ne kacokan ga abin da ido ya gani da abin da maƙwabta suka shaida, shi ya sa ya gaza a gaban ƙanjamau, cutar da ƙwayarta mai suna HIV ke iya shafe shekaru a jinin mutum tana cin garkuwar jikinsa, wato ƙarfin da jiki ke kare kansa da shi, alhali yana nomansa da fataucinsa babu wata alama a tare da shi.

A shekarar 1985 aka fara amfani da gwajin jini mai gano cutar a Amurka, a 1986 kuma Nijeriya ta ba da rahoton masu ɗauke da ita na farko. Sai dai gwajin da hukuma ta fi mayar da hankali a kansa a wancan zamani na ƙididdiga ne, domin daga 1991 ana ɗibar jinin mata masu zuwa awon ciki a wasu zaɓaɓɓun asibitoci, a cire sunayensu, a auna, abin da ya nuna yaɗuwar ta tashi daga kashi 1.8 cikin ɗari a 1991 zuwa kashi 5.8 a 2001, ba tare da matar da aka ɗebi jininta ta san matsayinta ba. Ko da ta sani ma, babu abin da za a ba ta, domin haɗin magungunan da ke danne ƙwayar, wanda ya bayyana a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga Sakkwato, ya fi ƙarfin aljihun talaka, sai a 2002 gwamnatin tarayya ta fara raba shi a cibiyoyi 25, sannan ya zama kyauta a 2006. A irin wannan hali gudun gwaji ba jahilci ba ne kawai, tun da sakamakonsa ba ya jawo komai sai tsangwama.

Ta ƙofar aure gwajin ya samu karɓuwa a ƙasar Hausa, saboda inda ake auren mace fiye da ɗaya, zawarawa kuma suke sake aure, mutum ɗaya yana iya shigar da cutar cikin gida guda har ta kai ga kishiyoyi da jarirai. Hukumar Hisbah ta Kano ta sanya gwajin cikin sharuɗɗan auren zawarawa da ta fara a 2012, kuma a watan Mayun 2024 jihar ta kafa dokar da ta wajabta shi kafin ɗaurin aure, tare da gwajin ciwon hanta da na jini mai gano sikila. Amma wannan gwaji na rana ɗaya ne, bai shafi wanda ya riga ya yi aure ba, kuma ƙwayar da ta shiga jiki kwanan nan tana iya ɓuya masa har tsawon wata 3.

Yammacin Zamfara yana da nasa darasin game da gwajin jini, wanda ya zo ta wata annoba dabam. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa gubar dalma, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ita ke kashe yara a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da Bagega a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, inda aka rasa yara fiye da 400. A nan iyaye suka riƙa kai 'ya'yansu a ɗebi jini, a ba su maganin da ke fitar da gubar, a sake aunawa bayan wani lokaci, wanda ya tabbatar da cewa mutanen karkara ba sa ƙin gwaji muddin magani yana biye da shi.

Wannan sharaɗi ya cika ga ƙanjamau, domin tun 2016 tsarin ƙasa shi ne a ɗora duk wanda aka samu da ƙwayar a kan magani nan take, dokar 2014 kuma ta haramta nuna masa wariya. Gwajin kansa ɗigon jini ne daga ɗan yatsa, sakamako ya fito cikin kamar minti 20. Uwar da ba ta shan magani tana iya ba jaririnta cutar da kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari, amma da magani haɗarin yakan sauko ƙasa da kashi 5.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna yaɗuwar kashi 1.4 a Nijeriya da kashi 0.6 a Arewa maso Yamma, sai dai ƙarancin adadi yakan haifar da sakaci, musamman a yankin da ta'addancin 'yan bindiga ya rufe ƙananan asibitoci, ya kuma tara 'yan gudun hijira a garuruwa irin su Anka. Kiwon lafiyar da ya game kowa yana buƙatar a miƙa gwajin cikin sirri, da yardar mutum, ga mai awon ciki, mai tarin fuka, mai ba da jini, mahaƙin zinariya da ɗan gudun hijira, sannan a jawo ungozoma da wanzami cikin aikin, domin askar kaciya da ta ƙaho da ba a tsabtace ba hanya ce ta yaɗuwa, kuma su ne ke isa ƙauyukan da ma'aikacin lafiya ya daina zuwa.