Likitan iyali da sankarar mama: abin da ke hannunsa

Likitan iyali shi ne wanda mutum ke fara gani idan jiki ya motsa, wanda ya san tarihin lafiyarsa da na gidansu. A yawancin garuruwan Kamaru da Chadi da Nijar, wannan aiki yana hannun likitan cibiyar lafiya ta unguwa, ko ma nas da ungozoma. Game da sankarar mama, wadda ake kira ciwon daji na nono, babban aikinsa shi ne rage jinkirin da ke tsakanin ranar da mace ta ji kullutu da ranar da aka tabbatar da cutar.

Girman matsalar

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, sun nuna cewa a 2022 an gano cutar a jikin mata miliyan 2.3, kuma ta kashe kimanin 670,000. A ƙasashe masu arziki, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu cutar suna raye bayan shekara 5 da gano ta, alhali a Afirka ta Kudu kashi 40 ne kawai. Babban dalilin wannan tazara shi ne makara wajen zuwa asibiti da ƙarancin magani.

Rage haɗari

Babu rigakafin da ke hana cutar baki ɗaya. Kusan rabin masu kamuwa ba su da wani sanannen dalili, sai dai kasancewarsu mata da kuma yawan shekaru. Duk da haka likita yana ba da shawara a kan abin da ke rage haɗarin: kauce wa ƙiba da giya, motsa jiki, da daɗewa ana shayarwa. Yana kuma tambaya ko uwa ko 'yar'uwa ta taɓa yin cutar, domin irin wannan mace tana bukatar sa ido tun da wuri.

Gano cutar da wuri

Alamomin da likita ke dubawa sun haɗa da kullutu a nono ko a hammata, wanda sau da yawa ba ya ciwo, da shigewar kan nono ciki, da fitar jini daga gare shi, da fatar da ta yi kama da ɓawon lemu. Mafi yawan kullutu ba sankara ba ne, amma hannu kaɗai ba ya iya bambancewa. Shi ya sa ake tura mace hoton mamogarafi ko ekogarafi, sannan a ɗebi ɗan yankin tsoka a gwada. A nan likita yana fuskantar tsohuwar magana cewa daji ba ya son allura. Wannan gwaji ba ya yaɗa cutar, amma watannin da ake ɓatawa wajen tsaga da shafe-shafen magani suna ba ta damar bazuwa.

Ma'aunin OMS

Shirin da OMS ta ƙaddamar a 2021 ya sa buri uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na cutar a mataki na 1 ko na 2, a kammala bincike cikin kwana 60 daga zuwan farko, kuma kashi 80 cikin 100 su kai ƙarshen magani. Biyun farko sun dogara sosai ga likitan da mace ta fara gani. Matar da ta ji sauyi a nononta, ko tana shayarwa, ta je a duba ta, ta kuma nemi takardar turawa idan kullutun bai baje ba.