Sitokin: Sinadaran da ke hura wutar kumburi a cutar sanƙarau

Sitokin ƙananan sinadarai ne na furotin da ƙwayoyin garkuwar jiki ke fitarwa domin aika wa juna saƙo idan cuta ta kutso. Su ke tayar da kumburi, su ke kuma kwantar da shi. A sanƙarau na bakteriya, mafi yawan ɓarnar da ake gani a ƙwaƙwalwa daga wannan martani na jiki take fitowa.

Bakteriyar Neisseria meningitidis, wadda ke haddasa annobar sanƙarau a lokacin rani a arewacin Najeriya da Nijar, tana ɗauke da guba a jikin ɓawonta. Fararen ƙwayoyin jini suna gane gubar ta wata kafa mai suna TLR4, wadda Bruce Beutler ya gano aikinta a 1998, ya kuma samu lambar yabo ta Nobel a 2011. Da zarar sun gane ta, sai su saki TNF da IL-1, waɗanda ke sassauta bangon jijiyoyin jini har ruwa ya riƙa tsattsafowa, su kuma sa zazzaɓi ya tashi. IL-8 yana kiran dakarun fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin, IL-6 yana umartar hanta ta samar da furotin CRP da ake aunawa a gwajin jini. Daga baya IL-10 ke zuwa ya yayyafa ruwa.

A yatsa ko a fata, wannan tsari alheri ne: wuri ya kumbura, ya yi ruwa, ya warke. Amma ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Idan tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa ya kumbura, matsi yana ƙaruwa, jini ya kasa isa inda ake buƙatarsa, jijiyar ji ta lalace. Shi ya sa wasu da suka tsira ke rayuwa da kurumta ko farfaɗiya. Idan kuwa gubar ta cika jini, sitokin kan malale jiki duka, ƙarfin bugun jini ya faɗi, ƙoda ta tsaya. Wani bincike a Norway a 1987 ya nuna cewa masu yawan TNF a jini su suka fi mutuwa.

Wannan ne dalilin da ya sa likitoci ke haɗa maganin kashe bakteriya da deksametazon, mai rage kumburi. A ƙasashe masu arziki ya rage kurumta, amma gwaje-gwajen da aka yi a Malawi ba su nuna amfaninsa ba, kuma jinkirin zuwa asibiti na cikin dalilan da ake zargi. Annobar 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya. A 2024 ƙasar ta zama ta farko a duniya da ta fara amfani da rigakafin Men5CV, mai kariya daga nau'o'i 5 na bakteriyar.