Gudawar Yara: Alamominta da Abin da Ya Kamata Mu Yi

Idan yaro ya yi zawo mai ruwa sau 3 ko fiye a yini, gudawa ce. Mukan ce ai haƙori ne, mu yi sakaci, alhali ƙarewar ruwan jiki tana iya kashe shi.

Mu lura da alamomi: idanu su zurma, maɗiga ta faɗa, fitsari ya ragu, in an tsunkuli fatar ciki ta daɗe ba ta koma ba.

Mu dama ƙunshi ɗaya na ORS, wanda ake kira SRO a Nijar, cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, mu riƙa ba shi kaɗan-kaɗan bayan kowane zawo. Abin da ya kai awa 24 a zubar. A haɗa da ƙwayar zinc har kwana 10 zuwa 14. Kada uwa ta daina shayarwa, kada a hana shi abinci.

In muka ga jini a bayan gida, ko ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko ya galabaita, mu garzaya asibiti. Allah Ya raya mana zuri'a.