Tarihin Dokokin Hana Gobara a Birnin Landan

 

Sa'ad da Edita ya nemi in rubuta wani abu a kan tarihi, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne jajayen bokitan nan huɗu da ake ratayewa a ƙofar kowane ɗakin kwananmu. Doka ta ce su zauna cike da yashi saboda gobara, ta kuma hana kunna kyandir bayan an kashe fitila. To, 'yan ɗakinmu sun san abin da ya faru. Mun juye yashin muna wanki da bokitan, kuma ni kaina na sha karatu da kyandir a cikin bargo daf da jarrabawar fita. Malamin da ke kula da ɗakunan kwana, in yana karanta wannan, ya yafe mini. Dokar tana nan manne a bango har muka fita, abin da babu shi ne wanda zai leƙa cikin bokitin.

Da na kama aikin gwamnati aka taɓa sa ni cikin wani kwamiti na duba dokokin hana gobara. Garin neman yadda wasu birane suka yi na faɗa cikin tarihin Landan, babban birnin Ingila, na tarar labarin bokitanmu ne aka shafe shekaru ɗari takwas ana maimaitawa.

Landan ta dā birni ce ta katako da jinka, da lunguna matsattsu. Tun a wancan zamani akan kaɗa ƙararrawa da dare don kowa ya rufe wutar murhunsa. Kalmar da Turawa ke kiran dokar hana fita da ita a yau daga nan ta samo asali, domin Faransanci ce mai ma'anar rufe wuta. A shekarar 1212, bayan wata gobara da ta hallaka mutane da yawa a gadar da ke kan Kogin Tems, hukumar birnin ta kafa doka mai tsanani. An hana yin sabon rufi da ciyawa. Mai tsohuwar jinka an ba shi kwana takwas ya yaɓe ta, in ya ƙi a rushe gidan. An ce kowane mai unguwa ya tanadi ƙugiya da igiya don janyo gidan da ya kama, an kuma shawarci kowane magidanci ya ajiye randar ruwa a ƙofarsa.

Duk wanda ya karanta wannan doka zai ce an gama magana. Amma shekaru ɗari huɗu da hamsin bayanta birnin na nan da gidajensa na katako, kowane hawa na sama ya zarce na ƙasa, har benaye biyu masu fuskantar juna su kusa haɗa goshi a kan lungu. Sarakuna sun yi ta shela cewa a koma gini da jan bulo. A 1665 Sarki Charles na Biyu ya rubuta wa Magajin Garin Landan gargaɗi a kan haɗarin gobara, ya kuma ba shi ikon ɗaure masu saɓa wa dokar gini da rushe abin da suka gina. Babu wani abin kirki da aka yi. Katako ya fi araha, fili ya yi tsada, masu unguwannin da aka ɗora wa aikin kuwa 'yan kasuwa ne da ke zaune tare da masu laifin.

Ranar Lahadi 2 ga Satumba 1666, can cikin dare, wuta ta tashi a gidan burodin Thomas Farriner da ke lungun Pudding. An sha fari a wannan shekara, ga kuma iska mai ƙarfi tana busowa daga gabas. A ƙasan lungun, bakin kogi, akwai sito-sito cike da mai da kitse da kwalta da giya da kwal. Dabarar da aka sani a lokacin ita ce a rushe gidajen da ke gaban wutar don ta rasa abin ci. Aka taso Magajin Gari, Sir Thomas Bloodworth, daga barci. Ya zo ya duba, ya raina wutar, ya ƙi ba da izinin rushewa, domin yawancin mazauna gidajen 'yan haya ne kuma ba a san inda masu gidajen suke ba. Ya koma ya kwanta.

Marubuta tarihi sun yi wa wannan mutum kaca-kaca, kuma ya cancanta. Duk da haka ni da nake zaune a bayan tebur na fahimci abin da ya kama shi. Tsoronsa shi ne wa zai biya diyya in ya rushe gidan mutum ba da yardarsa ba. Duk ma'aikacin da ya taɓa riƙe fayil yana jiran sa hannun na sama alhali aiki na lalacewa ya san wannan tsoro. Kafin umurnin Sarki ya iso cewa a rushe duk abin da ya kamata, wuta ta riga ta shiga sito-siton, ta kuma ƙone injin ɗaga ruwa da ke ƙarƙashin gada. Sai da ƙanen Sarki, Yarima James, ya karɓi ragamar aikin, aka riƙa tarwatsa gidaje da albarushi, iska kuma ta lafa, sa'an nan aka ci ƙarfinta bayan kwana huɗu. Ta cinye gidaje kimanin 13,200 da coci-coci 87, har da babbar majami'ar St Paul. Da jama'a suka nemi wanda za su huce a kansa, aka rataye wani Bafaranshe mai gyaran agogo, Robert Hubert, wanda ya ce shi ya sa wutar. Daga baya ta bayyana cewa bai ma sauka Landan ba sai da gobarar ta kwana biyu.

Abin da aka yi bayan wannan shi ne ya fi jan hankalina. A 1667 Majalisar Dokoki ta zartar da dokar sake gina birnin. Ta ce duk bangon waje ya kasance na jan bulo ko dutse. Ta kasa gidaje kashi huɗu gwargwadon girman titin da suke kai, ta ƙayyade yawan hawa da kaurin bango. Rabin wannan ba sabon abu ba ne, kamar yadda muka gani. Sabon abu shi ne an naɗa safiyo-safiyo, an rantsar da su, kuma ba mai ɗora bulo sai ɗayansu ya zo ya auna harsashi ya kafa turaku, mai gini ya biya sule shida da kwabo takwas. Wanda ya yi gini saɓanin tsari za a rushe shi, in ya yi taurin kai ya kwana a kurkuku. Ɗaya daga cikin safiyon nan shi ne Robert Hooke. I, shi dai Hooke ɗin da malamin fizis ya wahalar da mu da dokarsa ta talewar sifirin. Wannan masani ya shafe shekaru yana taka toka da sandar awo a hannu, fili bayan fili, yana raba gardamar iyaka tsakanin maƙwabta.

An kuma yi tunanin kuɗi da rigima. Aka ɗora haraji a kan kwal da ke shigowa birnin don biyan faɗaɗa tituna da gine-ginen jama'a. Aka kafa kotun gobara ta musamman, mai alƙalai 22 da suka yi aiki ba lada, don yanke wa zai sake gini tsakanin mai gida da ɗan haya, watau ainihin tambayar da ta ɗaure hannun Bloodworth. Hukumar birni ta raba gari kashi huɗu, kowane kashi ya ajiye guga 800 na fata da tsani 50.

Sai dai dokar ta tsaya a tsohon birni ne kawai. Mutanen Southwark da ke ƙetaren kogi sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta ba su shafa wa nasu ruwa ba, a 1676 gobara ta lashe ɗaruruwan gidajensu.

Game da kashe wutar kanta kuwa, 'yan kasuwa ne suka riga hukuma. Daga wajen 1680 kamfanonin inshorar gobara suka fara bayyana, kowanne da 'yan kwana-kwanansa, yawancinsu masu fito ne a Kogin Tems. Akan kafa tambarin kamfani na ƙarfe a bangon gidan da ya biya. Ana yawan ba da labari cewa in suka zo ba su ga tambarinsu ba sai su juya, amma masu binciken takardun kamfanonin suna shakkar haka, tun da wutar gidan da bai biya ba ita ce za ta ci na maƙwabcinsa da ya biya. A farkon ƙarni na 18 doka ta wajabta wa kowace gunduma ajiye injin feshin ruwa, ta sa ladan sule 30 ga injin da ya fara isowa, 20 ga na biyu, 10 ga na uku. Ta kuma ce bara ko baranya da ya jawo gobara da sakaci ya biya fam 100 ko ya yi wata 18 a ɗaure da aiki mai tsanani. Ina baran da ya taɓa ganin fam ɗari a wancan zamani? A 1774 aka fitar da wata dokar gini wadda ta faɗaɗa tsarin safiyo zuwa unguwannin da suka tsiro a bayan ganuwa, kowane yanki da nasa safiyo mai ikon gurfanar da magini.

A 1833 kamfanonin inshora goma suka haɗe 'yan kwana-kwanansu ƙarƙashin James Braidwood, wanda ya taho daga Edinburgh, da mutum kamar 80 ga birnin da ya haura mutum miliyan ɗaya da rabi. Shekara ɗaya tak bayan haka, ranar 16 ga Oktoba 1834, ginin Majalisar Dokoki da kansa ya ƙone. Dalilin kuwa abin kunya ne ga irinmu ma'aikata. Baitulmali na da tarin tsofaffin sandunan lissafi na itace da aka daina aiki da su, sai aka ce a ƙone su a murhun ɗumama zauren dattawa. Leburori suka yini suna cusa su, bututun hayaƙi ya yi zafi, gidan da ake yin dokokin hana gobara ya tafi. Shi kuwa Braidwood ya rasu a bakin aiki ranar 22 ga Yuni 1861, bango ya rufto masa a gobarar sito-siton titin Tooley, wadda ta yi mako biyu tana ci. Sito-siton na da ƙofofin ƙarfe na tare wuta, an dai bar su a buɗe ne. Kamfanoni suka ce sun gaji, daga 1 ga Janairu 1866 hukuma ta karɓi aikin kwana-kwana, shekara ɗari biyu cif bayan babbar gobara.

Da na so in tsaya a nan, amma tarihin bai tsaya ba. A cikin shekarun 1980 aka narkar da tsohon tsarin safiyon yanki cikin ƙananan hukumomi, aka kuma ba kamfanoni masu zaman kansu damar duba gini. A 2009 mutum shida suka mutu a gobarar benen Lakanal, mai binciken mutuwar ta ba gwamnati shawara a 2013 cewa a sake duba ƙa'idojin gini, shawarar ta kwanta a fayil. Ranar 14 ga Yuni 2017 wani firiji ya kama wuta a hawa na huɗu na benen Grenfell mai hawa 24. An yi wa benen kwaskwarima da fallayen alminiyam masu roba a tsakiya, watau an tufatar da ginin kankare da abin da ke ci da wuta, abin da dokar 1667 ta hana a bangon waje. Cikin ƙasa da awa ɗaya wuta ta bi jikin benen ta kai ƙololuwa, mutum 72 suka rasu. Kwamitin binciken Sir Martin Moore-Bick ya fitar da rahotonsa na ƙarshe a Satumba 2024. Ya ce duk mace-macen nan da an iya kauce musu, ya ɗora laifi a kan masu sayar da kayan da suka ɓoye gaskiya, da gwamnatin da ta yi biris da gargaɗi, da kuma ofishin duba gini da ya sa hannu a kan aikin.

Da na kai ziyara makaranta kwanakin baya na wuce ta ƙofar tsohon ɗakinmu, na ga bokitan suna nan, an ma sake musu fenti. Ban leƙa ciki ba, kunya ta hana ni. Na dai roƙi Sakataren ƙungiya ya sa batun a ajandar taronmu mai zuwa: mu nemi izinin Shugaban Makaranta a riƙa tura mutum biyu daga cikinmu a farkon kowane zango, su zaga ɗakunan kwana, su duba bokitai da wayoyin lantarki, su gwada ko ƙofofin baya na buɗuwa, su rubuta abin da suka gani su sa hannu. Na ba da sunana a zangon farko, ana neman mutum na biyu.