Raƙumar Dawan Sinnar da Sarkin Faransa



Hotunan attajirai suna ta yawo a wayoyin yaranmu: wannan da ɗan zaki a cinya yana shafa shi kamar kyanwa, wancan da damisa a kujerar mota. Mun ji matasa suna cewa sabon yayi ne na masu kuɗin zamani. Ai kuwa tsohon yayi ne, kuma sarakuna ne suka fara shi. Ibn Khaldun ya rubuta cewa a 1257 sarkin Kanem ya aika wa sarkin Tunis kyautar raƙumin dawa, mutanen birni suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu don kallo. Bayan kamar ƙarni guda, wajen 1360, sarkin Mali ya aika da wani zuwa Fas. Amma labarin da aka adana filla-filla shi ne na wata 'yar raƙumar dawa da aka kama a ƙasar Sinnar ta Sudan, a gefen Shuɗin Nilu. Yankin ba baƙo ba ne gare mu, domin nan ne Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya sauka da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903, ya kafa garin da 'yan uwanmu ke zaune har yau.

Mai mulkin Masar a lokacin shi ne Muhammadu Ali Basha, gwamna a ƙarƙashin Sarkin Istanbul, ko da yake gashin kansa yake ci. A 1821 rundunarsa ta ci Sinnar, abin da take nema kuwa zinariya ne da bayi. A wannan shekara kuma Girkawa suka yi wa Turkawa tawaye, daga baya Sarkin Istanbul ya nemi gudummawar Basha, shi kuwa ya tura ɗansa Ibrahim da jiragen ruwa da sojoji. Ibrahim ya yi wa Girkawa mugun ɗauka, har mutanen Turai suka harzuƙa, suka fara matsa wa sarakunansu su shiga faɗan. Ana cikin haka sai ƙaramin jakadan Faransa a Masar, Bernardino Drovetti, mutumin Italiya mai fataucin kayan tarihin Fir'aunoni, ya ba Basha shawara ya sanyaya zuciyar Sarki Sharl na Goma da wata kyauta da Faransa ba ta taɓa ganin irinta da rai ba. Wato dai gaisuwa ce irin wadda muka sani, wadda ake kai wa alƙali kafin ranar shari'a.

Akwai abin da masu kallo ba su cika tambaya ba, shi ne yadda ɗan dabbar dawa ke zuwa hannun mutum. Babban raƙumin dawa ba ya sabo da igiya; in an matsa masa sai ya ƙi abinci ko ya karya kansa. Saboda haka ƙanana ake nema, masu shan nono. Uwa kuwa ba ta ba da ɗanta da lalama. Maharban wannan yanki kan bi ta a kan dawaki, su sare mata agara da takobi, su yanka ta, su kwashe nama da fata da jela, sa'an nan su ɗaure ɗan. Haka aka yi wa uwar wannan. Aka ɗora 'yar a bayan raƙumi, ana ba ta nono a hanya, aka sa ta a jirgin ruwa ta bi Nilu ta Khartum, wanda a lokacin bai wuce sansanin soja ba, har Iskandariyya.

Daga nan aka haɗa ta da masu kiwo biyu, Hasan da wani saurayi ɗan Sudan mai suna Atir, da shanu uku na tatsa, domin madara ce cimarta. Tsawonta ya fi ƙarfin cikin jirgi, sai aka huda daɓen sama, aka kewaye ramin da ciyawa don kada ya goge mata wuya, aka yi mata rumfa. Jikinta na ƙasa, kanta na waje yana kallon Bahar Rum. An rataya mata laya a wuya mai ɗauke da ayoyin Alƙur'ani. A ƙarshen Oktoba na 1826 ta isa Marsiliya, a can ta yi hunturu a harabar gidan gwamna.

Da sanyi ya wuce sai shawara ta tashi kan yadda za a kai ta Paris. Aka ga teku da haɗari, keken doki kuma ba zai ɗauke ta ba, aka tsaya a kan ta taka da ƙafarta. Wani babban masanin dabbobi, Geoffroy Saint-Hilaire, mai shekara 55, ya sauko daga Paris ya jagoranci ayarin. Ya sa aka ɗinka mata rigar ruwa. Suka tashi ranar 20 ga Mayu 1827, shanu a gaba tana bin su, 'yan doka a kan dawaki suna buɗe hanya, suka yi tafiyar kusan kilomita 880 cikin kwana 41. Duk garin da suka ratsa sai an yi turereniya. Ranar 9 ga Yuli aka kai ta gaban sarki a fadarsa ta Saint-Cloud, sa'an nan aka ajiye ta a gidan dabbobin Jardin des Plantes. Paris kuwa ta ruɗe: matan gari suka riƙa tsayar da gashinsu sama wai kitson raƙumin dawa, aka buga hotonta a tufafi da faranti da takardar bango. Sunan Zarafa da ake kiranta da shi yau sunan dabbar ne da Larabci, kuma bayan mutuwarta da daɗewa wani marubuci ya laƙaba mata shi.

To, gaisuwar ta karɓu? Wata uku da 'yan kwanaki bayan sarki ya ga kyautarsa, ranar 20 ga Oktoba 1827, jiragen yaƙin Faransa da Ingila da Rasha suka haɗu a Navarino suka ragargaza na Masar da na Turkawa. An kashe uwa, an ja 'ya daga Sinnar zuwa Paris, abin da aka nema bai samu ba. Shi kansa Sarki Sharl mutanensa suka tunɓuke shi a 1830, ya mutu a gudun hijira a 1836.

Basha ya yi wa wasu sarakuna biyu irin wannan kyauta. Wadda aka kai wa Sarkin Ingila Joji na Huɗu ta isa da raunin ƙafafu, wanda ake dangantawa da ɗaurin da aka yi mata a bayan raƙumi; ta kai har sai da aka riƙa tallafe ta da igiyoyi daga rufin ɗaki don ta tsaya, ta mutu a 1829. Wanda aka kai Biyana bai cika shekara ba. Ta Paris kaɗai ta yi nisan kwana, ta kai Janairu na 1845. Ajali dai na Allah ne, amma idan sababi ake nema, mu a ganinmu ba a fada yake ba, yana wurin Atir. Hasan ya koma gida da wuri, shi kuwa ya zauna shekaru masu yawa. A kan wani ɗan bene cikin ɗakinta yake kwana, daidai kanta, kullum yana goge mata jiki yana tsefe ta. Har yau Faransawa in za su ce mutum na aikin banza mai cin lokaci sai su ce yana tsefe raƙumin dawa, wasu kuma na cewa daga aikin Atir maganar ta samo asali. Ku duba wannan sakayya: aikin da ya rayar da kyautar sarki shi aka mayar misalin zaman banza.

Malamanmu ba su hana ajiye tsuntsu ko dabba a gida ba, matuƙar an ba ta haƙƙinta, amma kowane almajiri ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Tambayar da labarin Sinnar ya ƙara mana ita ce ta abin da ya faru tun kafin dabbar ta shigo gida. 'Ya'yan rabbi da ake satowa daga ƙasar Somaliya da Habasha zuwa gidajen masu hali a ƙasashen Larabawa, da yawansu a hanya suke mutuwa. Akun da muke sha'awar surutunsa a zaurukan Kumasi da Yawunde, kamu da saran itatuwa sun kusa ƙarar da shi a dazukan Ghana, har a 2016 ƙasashen duniya suka haramta cinikin na daji a tsakaninsu. Raƙuman dawan Afirka ta Yamma kuwa, a 1996 ba su wuce hamsin ba, duk a yankin Kure kusa da Yamai. Da aka tsare su a dajinsu, manoma suka yi haƙuri da ɓarnar wake, yanzu sun haura ɗari shida.

Ita kuwa ta Sinnar, da ta mutu sai aka feɗe ta aka cusa fatar. Tana nan tsaye a kan matakalar gidan tarihi na garin La Rochelle a yammacin Faransa. A gandun dajin Dinder, gabas da Sinnar, shekaru da dama ke nan rabon da a ga raƙumin dawa.