Tarihin Wata Ƙa'ida a Nahawun Klingon

Harshen Klingon ƙirƙirarre ne, wanda masanin harsuna ɗan Amurka Marc Okrand ya tsara domin fim ɗin Star Trek na uku da ya fito a 1984, sannan ya wallafa ƙamusunsa a 1985. Okrand ya zaɓi tsarin jimlar da ba kasafai ake samu a harsunan duniya ba, inda karɓau, wato abin da aiki ya faɗa wa, ke zuwa da farko, aikatau ya biyo baya, aikau kuma ya zo a ƙarshe.

Daga cikin ɗafe-ɗafen da ake liƙa wa aikatau a ƙeya akwai -moH, wanda ke nuna cewa wani ne ya sa aikin ya auku, kamar yadda Hausa ke mayar da "shiga" zuwa "shigar da". Idan aikatau ƙi-karɓau ne, wato wanda ba ya buƙatar karɓau, lamarin ba shi da wuya, domin poS na nufin kasancewa a buɗe, poSmoH kuwa buɗewa, kuma abin da aka buɗe shi ne karɓau. Matsala tana tasowa ne a aikatau so-karɓau irin ghoj, koyo, wanda idan ya zama ghojmoH, koyarwa, sai a sami mai koyo da abin da ake koya suna neman gurbi ɗaya, alhali ƙamusun bai zayyana wanda ya cancanci gurbin ba.

Hujjar da masu nazari suka fi dogara da ita ta fito ne daga wani katin kamfanin SkyBox na shekarun 1990, inda Okrand ya rubuta cewa ɗamarar Worf, wani ɗan ƙabilar Klingon a Star Trek, tana tuna masa asalinsa. A jimlar, asalin ne ya zauna a gurbin karɓau, wanda aka sa ya tuna kuma ya ɗauki ɗafin -vaD, mai ma'anar "domin wane". Bisa wannan tsari ake cewa puqvaD tlhIngan Hol ghojmoH vav, wato uba yana koya wa yaro Klingon.

Abin da ya cancanci yabo shi ne yadda mambobin Cibiyar Harshen Klingon, wadda Lawrence Schoen ya kafa a 1992, suka ɗauki jimlolin Okrand a matsayin shaidar da ake ciro ƙa'ida daga cikinta, hanyar da masana ke bi wajen nazarin harsunan da al'umma ta gada.