Matsin iska a lissafin tsallen ruwa

Wanda ya taɓa tsayawa a ƙasan madatsar ruwa ya san yadda siririn ruwa mai gudu yake tashi farat ɗaya, ya yi tozo, ya yi kumfa, sannan ya lafa. Injiniyoyi suna kiransa tsallen ruwa. Giorgio Bidone ya auna shi a Turin ta Italiya, ya wallafa sakamakon a 1820, kuma lissafin da ke haɗa zurfin gaba da na baya yana ɗauke da sunan Bélanger na Faransa.

Babu matsin iska a cikin wannan lissafi. Littattafan karatu sukan ce ya soke kansa, su wuce. A ganina wannan gaggawa tana cutar da ɗalibi, domin sokewar tana da sharaɗi.

A ɗauki ruwa mai zurfin rabin mita, lambar Froude ɗinsa (ma'aunin gudun ruwa idan aka kwatanta da zurfinsa) 6. Bayan tsallen, zurfinsa zai kai mita 4. Matsin iska a bakin teku kusan kilofaskal 101 ne. Idan ɗalibi ya sa shi a fuskar da ruwa ke shiga tsallen da wadda yake fita kaɗai, zai ga rarar kilonutan kusan 355 a kowace mita ta faɗi, alhali bambancin turin ruwan kansa kusan 77 ne kawai. Kuskuren ya ninka gaskiyar fiye da sau huɗu. Abin da ya manta shi ne bayan tozon: a karkace yake, iska kuma tana danna shi, tana tura shi gaba da daidai ƙarfin da ya yi rara. Sokewar ta tabbata ne saboda iska ɗaya ce ta lulluɓe ko'ina.

Da zarar an rasa wannan sharaɗi, magana ta canza. A cikin rufaffen bututu, tsallen yana haɗiye iska ya tafi da ita, matsin da ke bayan ƙofar ruwa ta bututun ya faɗi, shi ya sa ake huda mashigar iska. Haka nan a kwamin da ake karya ƙarfin ruwa: inda guguwa ta saukar da matsi zuwa kilofaskal 2.3 a zafin digiri 20, ruwa yakan zama tururi, kumfarsa ta fashe ta ci kankare. Tazarar da ke tsakanin lafiya da wannan ɓarna matsin iskar wurin ne, kuma a tudun Jos ya gaza na Legas. Ƙaramin samfurin da ake gwaji da shi a ɗakin bincike yana rage zurfi da gudu, amma iskar ɗakin ba ta raguwa tare da su, don haka samfurin kan ɓoye haɗarin da ginin gaske zai fuskanta.